Dattijon Da Ya Hana A Sauka Gaishe Shi

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Yaya kuma ya riga mu kama hanya. Ya cika ranar wata Talata da hantsi bayan 'yar gajeruwar jinya, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Tun daga ranar na zauna kan tabarmar makoki ina sauraron abin da mutanen garin nan ke faɗa a kansa, kuma na rantse, da a ce takaici yana tayar da mamaci, da Yaya ya tashi ya kore mu duka.

Wannan ya zo ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutum mai haƙuri." Haƙuri! Ni ne autan gidanmu, ciki ɗaya muka fito, a gabansa gemuna ya yi fari, ban taɓa cin karo da wannan haƙurin ba. Wancan ya ce, "Mutum ne mai son jama'a," alhali shi ne bara yake bin rumfunan kasuwa yana cewa Yaya ya ƙi mutane. Duk na shanye waɗannan. Wanda ya ƙona mini rai shi ne wani tsoho, abokin wasanmu tun na ƙuruciya, da ya matso ya raɗa mini a kunne, "Sai dai a ƙarshen nan tsufa ya ɗan taɓa masa kai. Allah ya yafe masa."

Kan Yaya lafiyarsa lau har ya koma ga Mahaliccinsa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kada jikokinsa su tashi su tarar da labarin da masu zaman makoki suka shirya.

Yaya malamin gona ne har ya yi ritaya. Babu ƙauyen da ke kewayen Dutsen Zuma da bai shiga ba, kuma duk a kan baƙin kekensa mai dogon ƙarfe. Yana goge keken nan kowace safiya kafin ya karya kumallo, matarsa tana mitar koko ya huce, shi yana matsa birki yana kasa kunne. Idan zai sallami baƙo ba ya cewa a sauka lafiya kamar sauran mutane, sai ya ce, "Ka riƙa duba baya." In mai keke ne haka zai gaya masa, in mai tafiya a ƙasa ne ma haka, har amaryar da za a kai ɗakinta a mota sai da ya gaya mata.

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, ya sayo gwangwanin farin fenti ya bi unguwa gida-gida yana shafa wa kowane keke a murfin tayar baya, wai don direba ya hango shi da magariba. Bai nemi izinin kowa ba. Na fito masallaci na tarar da sabon kekena, wanda ko ledarsa ban gama ɓarewa ba, da farin gindi kamar akuya. Na yi ta faɗa. Ya bar ni na gama, ya ce, "Auta, fentin bai bushe ba, kada ka jingina shi da bango." Da furfurata da jikokina, Auta yake kirana a gaban kowa.

To, kowa ya san yadda muka taso a garin nan. Mai keke ba ya wuce babba yana kan sirdi. Ka hango dattijo zaune, sai ka ja birki, ka sauka, ka riƙe kekenka ka tsugunna, ka gaishe shi har ya sallame ka. Yaya kuwa shi ne babban unguwarmu. Shi ya yi waliccin rabin matan layin, shi ake tasa wa gaba in za a neman aure, shi ke raba rigimar iyakar gona. Yana zama a dakalin ƙofar zaurenmu, inda mahaifinmu ya zauna kafin shi, kuma duk mai keken da zai shiga kasuwa ko ya fito sai ya sauka a nan. A da wannan ba komai ba ne. Hanyar jar ƙasa ce mai faɗi, da itatuwan mangwaro gefe da gefe, ƙarƙashinsu akwai turbar da masu keke da jakai da matan Gbagyi masu ɗauko itace a kafaɗa suke bi. Mota in ta wuce sau ɗaya, sai ka gama hira kafin wata ta zo.

Sai aka ce za a gina sabon babban birnin ƙasa a bayanmu. Suka ɗauki filin, suka ɗauki har sunan garinmu, mu aka ce mana Suleja. Ba mu gama sabawa da sabon sunan ba sai ga katafila. Aka sare mangwarorin nan tas, aka haƙa lambatu mai zurfi na siminti hagu da dama, aka malala kwalta daga bakin wannan lambatu zuwa bakin wancan. Ko taku ɗaya ba a bar wa mai keke ba. Tifofin yashi da tsakuwa suka fara zirga-zirga tun daga asuba, gidanmu kuma yana daidai bayan kwana, a gangaren da ya sauko daga kasuwa. Direba ba ya ganin abin da ke ƙofarmu sai ya iso kansa. Tsakanin dakalin Yaya da titi akwai lambatu da ɗan katakon tsallakawa, don haka duk wanda ya sauka gaishe shi, a kan kwalta yake tsugunnawa, ya ba tifa baya.

Yaya ne ya fara ganin abin da zai faru. Muna da maƙwabci, wani malamin firamare mutumin Kagoro da ke haya a gidan da ke jikin namu, kowa Ticha yake ce masa. Shi ya kawo wa Yaya wata tsohuwar mujalla da hoton wani gari a ƙasar Turawa, inda aka ware wa masu keke tasu hanyar daban, aka gitta dakalin siminti tsakaninsu da motoci. Yaya ya daɗe yana kallon hoton nan. Ya ce, "Ticha, wannan ai turbarmu ce ta ƙarƙashin mangwaro. Su sun gina, mu mun rushe." Washegari ya sa babbar riga, ya ce in raka shi ofishin masu kula da aikin hanyar.

Jami'in da muka samu yaro ne mai ladabi, ban ce ya wulaƙanta mu ba. Ya tashi ya ba Yaya kujerarsa, ya duba hoton, ya saurari bayani har ƙarshe. Yaya bai nemi abu mai yawa ba. Cewa ya yi a rufe saman lambatun gefe ɗaya da falankin siminti daga kwana zuwa bakin kasuwa, masu keke da masu tafiya a ƙasa su samu wurin raɓawa.

Yaron ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai ƙasa ta yi arziki. Nan da 'yan shekaru wa zai hau keke? Kowa babur zai saya, masu babur su sayi mota. Hanyar gobe muke ginawa."

Yaya ya ce, "Madalla. To waɗanda ke kan keke yau fa, a ina za ku ajiye su kafin goben ta zo?"

Ya ce za a duba. An kuwa duba. Aka kafa wani allo kafin kwana, an rubuta a rage gudu da Turanci, aka kuma girke masu kama keken da ba shi da lasin ko ƙararrawa a bakin kasuwa. Tifa ba wanda ya ce mata uffan. Allon ma bai yi wata biyu ba wata tifar ta kwantar da shi.

Da ya ga hukuma ba za ta taɓuka komai ba, sai Yaya ya juyo kan abin da yake ganin yana hannunsa. Ya ce daga yau kada wanda ya ƙara sauka gaishe shi. Da ya hango mai keke ya fara jan birki, sai ya miƙe tsaye yana kaɗa hannu yana ɗaga murya, "Wuce! Na amsa! Na yafe, wuce!"

Nan ne na san halin mutanen garinmu. Wanda aka ce wa ya wuce, sai ya ɗauka fushi ake yi da shi. Maimakon gaisuwar da zai yi ya tashi, sai ya sauka, ya kwantar da keken a tsakiyar kwalta, ya durƙusa yana cewa, "Baba, me na yi? Don Allah a gaya mini laifina." Yaya yana ihu tifa na zuwa, shi yana rantsuwar bai san ya ɓata masa ba. Wani magini har tawaga ya haɗo da iyayensa suka zo bikon Yaya, su ma duk a kan kekuna, su ma duk suka sauka a wurin. Ranar na ga Yaya ya cire hula ya buga da ƙasa.

Ya tashi a masallaci bayan sallar la'asar ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce gaisuwa ba farilla ba ce, rai kuwa amana ne, wanda ke son gaishe shi ya ɗaga hannu yana tafe, ya isa. Kowa ya gyaɗa kai, "Gaskiya ne, Malam. Wallahi gaskiya ne." Washegari duk suka sauka. Na tare ɗaya daga cikinsu na ce ba jiya kana sahun gaba ba? Ya ce, "Na ji, Baba. Amma a ce ni ne na fara wuce Malam a kan keke? Wani dai ya fara."

Wanda ya fi kowa taurin kai shi ne surukinsa, mijin 'yarsa ta biyu, tela ne a kasuwa. Yaron kirki, ba ya haɗa ido da kowa a gidanmu. Shi ba sauka kawai yake yi ba, sai ya tuɓe takalma ya riƙe a hannu, ya tsugunna har gwiwarsa ta taɓa kwalta, ya gaida Yaya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa. Safe da yamma. Da yake akwai kunya tsakaninsu, Yaya ni ya aika in gaya masa. Na same shi a shago na faɗa masa saƙon ba tare da kwana-kwana ba. Ya tsayar da keken ɗinkinsa ya ce, "Baba, a ba ni wani umarnin, ko wane iri ne zan bi. Amma in wuce mahaifin matata ina kan sirdi? Da wane ido zan dubi mutane?"

Na ce, "Da idon da ke cikin kanka, in tifa ta bar maka kan."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Da damina abin ya faru, da safe, an ɗan yi yayyafi. Ina tsaye a bakin zaure. Surukin ya sauka, ya tuɓe takalma, ya tsugunna, Yaya yana ta "Wuce! Wuce!" sai ga tifa ta ɓullo daga kwana da lodin tsakuwa. Direban ya taka birki, motar ta ja da gindi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Keken ta fara haɗiyewa, sannan ta make yaron ta watsa shi cikin lambatu. Yaya, mutumin da sai ya dafa bango yake tashi daga buzu, ban ga lokacin da ya dira cikin lambatun nan ba. Muka ciro yaron, ƙafar dama ta karye a wuri biyu, ƙashi a waje. Ya buɗe ido ya ga a cinyar wa yake kwance, sai ya kama laluben hularsa yana ƙoƙarin sunkuyar da kai. Wallahi da kunnena na ji ya ce, "Baba, an tashi lafiya?"

Yaya ya ce, "Ni na tashi lafiya." Sai hawaye ya kece masa. Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ga haka ba.

Masu zuwa jaje suka yi ta cewa ƙaddara ce. Yaya ya ce, "Ban musa ƙaddara ba. Amma ni aka tsaya gayarwa." Ba a kwana biyu ba ya aro diga, ya rushe dakalin mahaifinmu da hannunsa. A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na ce dakalin ba nasa ba ne shi kaɗai, a kansa aka raɗa mana suna, in ba ya son zama ya tashi ya bar shi. Ya ce muddin dakalin yana nan, wani tsohon zai zauna a kai, kuma da alama ni ne. Na yi mako ban shiga sashensa ba. Har yau in na fito na ga gurbin dakalin nan sai raina ya sosu, kuma har yau ban ce ya kyauta mini ba.

Ya sa aka fasa ƙofa a katangar baya, wajen lungun da ruwan wanke-wanke ke bi, inda awaki ke kwana. Nan ya mayar da buzunsa. Ya ce mai son ganinsa ya zagayo, babu tifar da za ta shiga lungun nan. To, wa zai zagayo? Lungu ne mai caɓi, kuma mutane sun riga sun yanke hukunci cewa Malam ya yi girman kai, ya gaji da talakawa. Masu neman ya yi musu walicci suka koma wajen wani. Masu rigimar gona suka daina zuwa. Mutumin da a da ba ya samun sukunin shan kokonsa saboda amsa gaisuwa, ya koma yini guda daga shi sai Ticha in an tashi makaranta, sai ni bayan na huce.

Kada wanda ya ce muku abin bai dame shi ba. Na sha samunsa ya jingina da katanga ya rufe ido, na ɗauka barci yake, ashe ƙararrawar kekunan da ke wucewa ta gaban gida yake saurare. Sai ya ce, "Wannan mahaucin nan ne, ƙararrawarsa ta dishe. Wannan kuma ladan ne, ya makara." Ya san su duka. Na ce to ka koma mana, ko daga cikin zaure ka riƙa leƙensu. Ya ce, "In sun hango ni za su sauka, Auta."

Da surukin ya fara takawa da sanda, Yaya ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya tura baƙin kekensa har gidan yaron, ya shiga ya zauna gaba da gaba da shi, ni ina gefe. Ya ce, "Malam, kekenka ya tafi a ƙofata, ga nawa. Amma ka ji da kyau. In ka ƙara sauka a kan titin nan saboda ni, ina raye ko ba na raye, ban yafe maka ba." Yaron yana kuka, 'yar Yaya tana kuka a bayan labule. Da muka fito sai ya waiwaya ya ce, "Birkin baya yana ɗan ja, ka riƙa duba shi."

Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙa, a gabana da gaban babban ɗansa da ya zo daga Kaduna. Ya ce in ta Allah ta kasance, a yi zaman makoki a lungun baya. Ɗan ya ce to. Amma da aka dawo daga maƙabarta sai na tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a ɗan tsukin da ke tsakanin bango da lambatu. Na ce ba haka mai gidan ya ce ba. Ɗan ya ce, "Baffa, manyan mutane za su zo daga Kaduna da Minna. In kai su wajen awaki? Me za a ce da mu?" Dangi suka taru a kaina, Baffa a yi haƙuri, Baffa ba yau ake wannan magana ba. Aka rinjaye ni.

Haka na zauna ina kallon masu ta'aziyya suna sauka daga kekuna a kan kwalta, daidai wurin, suna tsugunnawa suna ba kwana baya, suna yabon haƙurin Yaya. Tifa ta taho tana hon, su ɗan muskuta, su ci gaba da addu'a. Duk birkin da aka taka sai na waiwaya wajen kwana. Ban samu na yi kukan ɗan'uwana ba, ina can ina gadin titi.

Surukin ba ya gari lokacin rasuwar, yana Gawu wajen mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, saƙo bai same shi da wuri ba. Sai ranar sadakar uku da safe, wuri ya cika, liman yana tsakiyar addu'a, na hango baƙin keken nan ya ɓullo daga kwana. Na ga surukin ya kai hannu ga birki. Na ga ƙafarsa mai ɗingishi ta bar feda tana neman ƙasa. Sai ya mayar da ita. Ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, ya wuce liman, ya wuce dattawan unguwa, ya wuce manyan Kaduna, yana kan sirdi, hawaye yana zuba har gemunsa, bai tsaya ba sai da ya kai bakin lungu ya karya.

Wurin ya ɗauki salati. "Wannan ba surukin gidan ba ne?" "Kai, duniya ta lalace." "Ko kunyar mamacin bai ji ba." Tsohon nan da ya ce kan Yaya ya taɓu har da tofar da yawu.

Na miƙe. Na naɗe tabarmata na saɓa, na ratsa ta cikin gida na fita ƙofar baya. Na same shi ya jingina keken da katanga, ya tuɓe takalma ya riƙe a hannu, ya tsugunna cikin caɓi a gaban wurin da buzun Yaya yake zama, kansa a ƙasa. Na shimfiɗa tabarmar na ce ya hau. Jim kaɗan Ticha ya zagayo ya zauna tare da mu. Mu uku muka yi zaman makokin da Yaya ya roƙa, awaki suna kallonmu, muna jin hon ɗin tifa daga gaban gida. A nan ne na samu na yi kuka.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi maƙwabta waɗanda suka fi mu jin magana. Lambatun yana nan a buɗe, tifofin sun ƙaru. Ku kuma da kuka san shi, in hanya ta biyo da ku ta ƙofar gidanmu kuka tuna da shi, ku yi masa addu'a kuna tafe, Allah yana jin mai keke. Don girman Allah kada ku sauka.